Sa Hannun Kawu

Da damina Kawu ya rasu, ana tsakiyar noma, shi ya sa mutanen ƙauyenmu suka zo zaman makoki da taɓo a ƙafafunsu. Ni labarin a aji ya iske ni. Hedimasta ya leƙo ta taga ya ce in ajiye alli in tafi gida. Ban tambaye shi dalili ba, domin Kawu ya daɗe a kwance.

Kafin in isa, 'yan zumuntar mata sun cika tsakar gida da waƙa. Mama, matar Kawu, tana zaune a kan tabarma a bakin ƙofar ɗaki. Ba ta kuka. Duk wanda ya durƙusa ya ce, “Sannu da haƙuri,” sai ta ce, “An gode,” ta dubi na bayansa. Mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwar Kawu, ita ta yi kukan mutum biyu.

Washegari motoci suka fara shigowa Kafanchan daga Kano da Legas, suka yi layi har bakin kwalbati. Maza masu baƙaƙen kwat suka fito, wasu da huluna masu tambari, suna tsallake ruwan da ya kwanta a ƙofar gida. Kawu Babba, yayan marigayin, wanda bai taɓa barin gona ba, ya dogara sandarsa yana kallonsu. Can ya ce da yarenmu, “Ashe dai aikin nasa gaskiya ne.” Alhajin da ke sayar da kayan keke a bakin kasuwa shi ma ya zo da goro, ya zauna cikin dattawan ikilisiya. Abin da ya ce shi ne, “Shekara da shekaru ina ciniki da mutumin nan, bai taɓa sayen noti bai ɗaga shi ya leƙa cikinsa ba. Allah ya ba ku haƙuri.”

A coci kuwa, faston baƙo ne, bai san Kawu da lafiyarsa ba. Yana cikin wa'azi ya ce Ubangiji ya kira bawansa, babban direban jirgin sama. Mama ta ɗaga kai daga bencin gaba ta ce, “Fasto, bai tuƙa ba. Injiniya ne.” Fasto ya gyara, aka ci gaba.

Wannan gyara na Mama shi ya sa na zauna yin rubutun nan. In tun ba a rufe shi ba an fara sauya masa aiki, jikokinsa ban san abin da za su ji ba. A gidansa na girma, tun ina firamare mahaifiyata ta kawo ni hannun Mama. Abin da na gani zan faɗa, da abin da na ji daga bakinsa.

A wani ƙauye bayan Madakiya aka haife shi. Kakanmu lebura ne a layin dogo. Da Kawu ya gama ƙananan azuzuwa a makarantar mishan, sai a Kafanchan ake ci gaba, ga shi ba mu da dangi a gari. Akwai wani Ibo, makaniken jirgin ƙasa a loko, wato babbar rumfar da ake gyaran kawunan jirage, wanda ya san Kakanmu a wurin aiki. Shi ya ce a kawo yaron. Kawu ya zauna a kwatas ɗin reluwe, tabarmarsu ɗaya da ɗan mai gidan, kwanonsu ɗaya, bencinsu ɗaya a makaranta. Wannan ɗan mai gida shi ne daga baya ya buɗe shagon hoto kusa da tasha, mu yara muke kiransa Baba Mai Hoto. Su biyun kuwa “Ɗan'uwa” suke kiran juna, ban taɓa jin ɗaya ya kama sunan ɗaya ba.

Kawu yakan ce a loko aka fara sa masa sifana a hannu. In an tashi makaranta sukan kai wa mai gida abinci. Ɗan mai gidan ya ajiye kwano ya gudu wurin ƙwallo, shi kuwa ya tsaya kallo har mai gida ya gaji ya ce, “To riƙe nan.” Daga nan sai makarantar koyon sana'a, daga can sai filin jirgin sama na Kano, inda ya daɗe ba abin da ake ba shi sai wankin ƙarafa da kananzir. Da aka ga hannunsa, aka tura shi Ingila.

Labarin Ingila ba ya yawan ba da shi. Sanyi, da dankalin da ba gishiri, da karatu. Abu ɗaya ne yake maimaitawa, shi ne faɗuwarsa jarrabawar farko. Ta baka ce, wani tsohon Bature ya zaunar da shi ya yi ta tambaya yana amsawa, har ya zo kan ƙarfin ɗaurin wani noti a jikin inji. Kawu bai tuna ba, sai ya yi kintace. Kintacen ma bai yi nisa da daidai ba. Baturen ya rufe takarda ya ce ya dawo baɗi. Ya ce masa, “Da ka ce ba ka sani ba za ka duba, da na ba ka.” Shekara guda cur wannan amsa ta ci masa a ƙasar mutane. In yana ba mu labarin ba ya nuna haushi, kamar labarin wani yake bayarwa.

Ya dawo da lasisi, takardar da ke ba mutum ikon sa hannu cewa jirgi ya isa tashi. Aka yanka akuya a ƙauye. Kaka, mahaifiyarsa, ta jawo shi gefe ta ce, “Yanzu kai za ka riƙa tuƙa abin?”

Ya ce, “A'a, Inna. Wani ne zai tuƙa.”

“To kai fa?”

“Ni dubawa zan yi. In na sa hannu ya tashi. In ban sa ba ya kwana a ƙasa.”

Kaka ta ce, “Duk shekarun nan don ka hana abu tashi?” Har ta rasu, in an tambaye ta aikin ɗanta, cewa take yi yana gadin jirgi.

Aikinsa a Kano yake, daga baya Legas, amma gidansa a Kafanchan ya gina, Mama da yara suna nan saboda makaranta. Yakan zo hutu a jirgin ƙasa. Zuwansa yana sauya gidan. Yana da akwatin kayan aiki na ƙarfe, kowane sifana da gurbinsa, ba ya rufe shi sai kowanne ya koma mazauninsa. Ya ce a wurin aikinsu, in sifana ya ɓata, a cikin inji yake har sai an gan shi a wani wuri. Wannan doka ya kawo mana har kicin. Wata Kirsimeti cokali ɗaya ya ɓata, ya hana a zuba shinkafa. Baƙi suna zaune, mu muna ta ɗage-ɗagen tabarmi, Mama tana cewa, “Haba, Baban yara, tukunyata ba za ta tashi sama ba.” A aljihun autansa aka same shi. Kawu ya karɓa, ya wanke da kansa, ya ce a yi addu'a.

Yana da magana guda da duk wanda ya zauna da shi ya sani. In ya ga an yi aikin shashanci, ko ɗaurin igiyar guga ne, sai ya ce, “A sama babu gefen hanya.” Mota in ta lalace a tura ta gefe a jira makanike, jirgi kuwa ba shi da inda zai raɓa. Injin niƙan zumuntar mata shi yake gyara shi duk hutu, kyauta, amma sai ya tara matan ya nuna musu inda ake zuba mai, ya sa kowace ta yi da hannunta. Suna gode masa suna gunaguni.

Cikin masu hulunan tambarin nan da suka zo makoki, wani matuƙi ya ba mu labari. Ya ce wata rana fasinja sun riga sun shiga, har da wani babban mutum a cikinsu, Kawu ya ce bai yarda da ƙarar injin hagu ba. Aka sauke kowa, aka kwance inji, rana ta yi tsaka. Manaja ya zo ya yi faɗa, ya koma, ya sake zuwa. Kawu yana zaune a kan akwatinsa yana ɓare gyaɗa. Mu muna jiran ya ce an sami mummunan abu, sai matuƙin ya yi dariya ya ce, “Ba a sami komai ba. Lafiyar injin ƙalau. Oga injiniya ya karɓi biro ya sa hannu ya ce, ‘To, yanzu na sani.’ Ko haƙuri bai ba kowa ba.”

Sai abin da ya shiga tsakaninsa da Baba Mai Hoto. A gida ba a so a yi maganarsa, amma in na tsallake shi, ban ba da labarin Kawu ba.

Ina budurwa rikicin nan ya tashi a Arewa, Ibo suka cika tasha suna neman jirgin Gabas. Baba Mai Hoto a Kafanchan aka haife shi, Hausa ta fi zama a bakinsa bisa yarensu, amma dole ya tafi. Ya kawo wa Mama kyamararsa da makullin shago, ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa. Babbar 'yarsa ajinmu ɗaya, ita take yi mini kitso. Bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke, labarinsu ya ɗauke. A shekarun nan Kawu ma bai cika zuwa gida ba. Mun dai san an ɗauke shi daga Kano an kai shi wani filin jirgi can kudu.

Da yaƙi ya ƙare Baba Mai Hoto ya dawo shi kaɗai, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. 'Ya'yansa maza sun rayu, sun zauna can. Matarsa da ƙawata ba su rayu ba. Mama ta fito da kyamarar a naɗe cikin zane kamar yadda ya bar ta, ya buɗe shagonsa ya ci gaba da aiki.

A ƙarshen shekarar Kawu ya zo hutu. Shi da Baba Mai Hoto suka rungumi juna a tasha, mutane suna kallo. Washegarin Kirsimeti Mama ta yi tuwon acca, ta aika aka kira Baba Mai Hoto. Da rana ne, suna zaune a gindin mangwaro, ni nake kai musu abinci, Mama tana gefe tana tsince wake. Suka ci suna hirar mutanen kwatas, wa ya rasu, wa ya dawo. Da suka kusa gamawa Baba Mai Hoto ya ce, “Ɗan'uwa, kai a ina ka yi yaƙin?”

Kawu ya ce, “Ban riƙe bindiga ba. Tsofaffin jiragenmu na fasinja sojoji suka karɓa, suka cire kujeru. Ba wanda ya san jiragen kamar ni, sai aka haɗa da ni.”

Baba Mai Hoto ya ajiye lomar da ke hannunsa. Da Hausarsa ta kwatas, wadda ba ta raba mace da namiji, ya ce, “Maman yara ya je kasuwa neman gishiri, yarinya ya bi shi. Ina gida na ji ƙara. Na fito na gan shi da idona. Ba irin mai gudun nan ba ne. Tsoho ne mai inji biyu, yana tafiya a hankali, ƙofarsa a buɗe, mutane suna turo abu da hannu. Irin wanda ka tsaya a gabansa a hoton da ka aiko mini daga Kano.”

Mama ta yi wuf ta ce, “Ai jirage da yawa ne, Ɗan'uwa. Ba nasa ba ne.”

Kawu bai dube ta ba ya ce, “Kada ki faɗi abin da ba ki sani ba.” Sannan ya tambayi Baba Mai Hoto sunan garin, da watan da abin ya faru. Aka gaya masa. Ya kalli ƙasa, kamar mai lissafi.

Ya ce, “A watan nan ina can. Irin jirgin da ka faɗa ba su da yawa, kuma duk wanda ya tashi daga filinmu da sa hannuna ya tashi. Akwai wani fili ban da namu, saboda haka ba zan ce lalle nawa ne ba. Amma mai yiwuwa ne ƙwarai. Ba a gaya mini inda suke zuwa, ni ma ban tambaya ba.”

Baba Mai Hoto ya jawo kwanon ruwa ya wanke hannunsa sosai, yatsa bayan yatsa. Ya ce wa Mama, “Uwargida, na gode da abinci.” Ya ɗauki kekensa ya tura shi har ƙofa, bai hau ba sai da ya fita.

Ranar na ga faɗan da ban taɓa gani ba a gidan. Mama ta ce mutum ya zo da ciwo an zuba masa barkono. Kawu Babba, da labari ya kai masa, takanas ya zo daga ƙauye ya ce, “Gidan ubansa ka ci ka girma. Kalma ɗaya za ka ce, ‘Ba ni ba ne,’ ya tafi ya yi barci. Wa zai kama ka?” Kawu ya saurare su duka. Abin da ya ce kawai shi ne, “Tambayata ya yi.” Kawu Babba ya ce karatu ya cinye masa hankali, ya koma ƙauye ko ruwa bai sha ba. Ni ma a lokacin ina bayan Mama. Yanzu ban sani ba.

Daga nan Baba Mai Hoto bai ƙara taka gidanmu ba. In mun wuce shagonsa yakan amsa gaisuwarmu, ya tambayi Mama. In Kawu ya zo hutu suka haɗu a hanya, sai ɗaga hannu daga nesa. Kawu bai je ba da haƙuri ba, bai kuma aika kowa ba. Na taɓa jin fasto na lokacin yana ba shi shawara ya je, Kawu ya ce, “In na je, nema zan yi ya sauke mini kaya. Nasa sun fi nawa nauyi.”

Aiki kuwa gaba ya yi ta ci. Aka yi masa ƙarin girma har ya zama shugaban injiniyoyi a wurinsu. Bai daɗe a kujerar ba ya nemi a mai da shi sashen koyar da matasa, abin da abokan aikinsa suka ɗauka koma baya ne. A can ya ƙare. Da yawa cikin masu baƙaƙen kwat ɗin nan ɗalibansa ne. Ɗaya ya gaya mini cewa ranar farko a aji Kawu yakan ce musu, “Kafin ka sa hannu, ka san lafiyar jirgin. In da hali, ka san inda za shi.” Ya ce su dai sun ɗauka maganar nisan tafiya da yawan mai yake yi.

Ya yi ritaya ya dawo gida, ya sayi kaji, ya fara koyon noman citta a wurin Kawu Babba, wanda ya sami abin yi masa dariya. Bai cika shekara biyu ba ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta ƙi fita sosai. Da hantsi mukan fito da shi ƙofar gida a kujera ya sha iska. Kawu mutum ne da ba ya kwana da gemu, amma Mama in ta gwada yi masa aski sai ta yanke shi, wanzami kuwa in ya zo sai Kawu ya kau da kai. Gemu ya taru fari fat, ya mai da shi wani mutum dabam.

Wata Asabar da safe sai ga Baba Mai Hoto a kan keke. Ashe ya sha wucewa ta bakin layi yana hango shi. Ya jingine keken, bai gai da Kawu ba, ya ce, “Uwargida, kawo ruwan zafi.” Ya fito da reza da sabulu da ɗan tawul. Ya ɗaga haɓar Kawu da yatsa biyu, Kawu ya miƙa masa wuya ya rufe ido. Mama tana tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu, ba ta motsa ba har aka gama. Ya goge masa fuska, ya karkata kai ya dube shi ta nan da ta can kamar zai ɗauke shi hoto, ya ce, “Yanzu ka yi kama da mutum.” Ya bar kayan askin a kan taga ya tafi.

Haka ya riƙa zuwa duk Asabar har ƙarshe. Ba ya zama, ba ya cin abinci. Wani lokaci yakan ba da labarin gari yana aski, wane ya yi aure, an ɗaga kuɗin jirgin Jos. Kawu ya yi gurnani, shi ke nan hirar. Ranar jana'iza yana can bayan coci a tsaye. Dattawa suka aika ya zo ya yi magana a matsayin abokin ƙuruciya, ya ce a bar shi.

Da aka watse daga zaman makoki, Mama ta naɗe kayan askin ta ce in mayar masa. Na same shi a shago yana yanke gefen hotuna da almakashi. Na gaishe shi, na ajiye, na kuma kasa tafiya.

Na ce, “Baba, in yi tambaya?”

“Yi, Malama.”

“Ka yafe masa?”

Ya ci gaba da yankansa har ya gama hoton da ke hannunsa. Sannan ya ce, “Fasto ma ya tambaye ni. Ban sani ba. Tun da na dawo garin nan, kowa na gamu da shi sai ya ce ba ya nan, bai gani ba, ba shi ba ne. Soja ya zo ɗaukar hoto ya ce shi kuku ne. Kamar jirgin nan shi ya gyara kansa ya tashi. Kawunki kaɗai ya ce mai yiwuwa shi ne.” Ya ajiye almakashin. “Shekarun nan duka ina da wanda zan yi fushi da shi. In na tashi da safe na san inda yake. Yanzu ya tafi ya bar ni da abin a hannu, ban san inda zan kai shi ba.”

Wata mata ta shigo da jariri a goye tana son hoton baftisma. Baba Mai Hoto ya share ido da bayan hannu, ya tashi ya gyara labulen bango, ya ce mata ta zauna ta fuskanci haske.